Jarkar da Ba Ta Wari

A tashar Suleja, cikin motar Lambata da ke jiran cika, Muhsina ta ƙura wa jarkar matar da ke kusa da ita ido.

"Baiwar Allah, ba dai fetur ba ne wannan?"

"Haba Hajiya, sunsuna ki ji. Sinadarin da muke tatso man citta da shi ne a wurin aikinmu. Sabo ne, har da sikari a haɗinsa. Ba ya kama wuta."

Muhsina ta sunsuna, ba ta ji warin komai ba, ta yamutsa fuska. "Ni abin da ba ya wari shi na fi tsoro."

"Da kin san tsohon sinadarin! Warinsa har hawaye yake sa mu. Dubi yadda ya ƙona mini hannu."

"To shi tsohon, in kun gama da shi, ina kuke kai shi?"

"Kwata mana. Can gangaren Chaza, ruwa ya tafi da shi."

Muhsina ta gyara zama. "Rijiyarmu tana gangaren nan. Bara yarana sun sha ciwon ciki, har na daina gaisawa da maƙwabciyata, ina zarginta. Mene ne sunan wurin aikin naku?"

Matar ta jawo jarkarta, ta mai da fuska taga.