Amin ɗin Bulus

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Sani, daga Tunga a nan Minna.

Kusan shekara talatin ke nan da gama jami'armu. Mu 'yan aji muna da guruf a waya, kowace Juma'a mukan tura hoton gaisuwa. Bulus, ɗan kudancin Kaduna da muka zauna ɗaki ɗaya, Kirista ne, amma bai taɓa fashin rubuta "Amin" ba. Da mun ga Amin ɗinsa, shi ke nan, mun ɗauka lafiya lau yake.

Makon jiya na haɗu da matarsa a Kasuwar Kure, na ce ta gaida min mutumina. Sai ta ajiye kayanta ta ce, "Malam Sani, ai Bulus ya rasu tun kafin Kirsimeti. Ni nake amsa muku. Jira nake wani ya kira ya neme shi, in faɗa masa."

Malama, a Ketaren Gwari fa suke, keke ɗaya zai kai ni ƙofar gidansu. Wallahi babu wanda ya kira a cikinmu.

Ku ba ni shawara, ta yaya zan sanar da sauran? Gobe Juma'a, na san sun riga sun tanadi hotuna.