Na Sayar da Jinsiyyar Babana a Sikeli

Assalamu alaikum Ustaz mai karanta mana wasiƙu, Allah ya ƙara wa muryarka lafiya. Ni ne Haruna mai kanti a Mai Wurno, wanda karatunsa ya tsaya a aji huɗu, shi ma da turi.

Akwai motar da ke zuwa daga Sinnar tana kwasar tsofaffin kwalaye da takardu, a kai masana'antar kwalin ƙwai. Mai kantin da buhunsa ya yi nauyi, sai su rage masa kuɗin kwalin ƙwai. Don in fi maƙwabcina, na shiga ɗaki na juye adakar marigayi babana cikin buhu. Ko takarda guda ban duba ba.

Bayan sati biyu ɗiyata Zainab ta samu jami'a. Aka ce sai ta kawo jinsiyyar kakanta, takardar da ke nuna mu 'yan Sudan ne. Ashe tana cikin adakar nan.

Na garzaya masana'antar a Sinnar, na faɗa wa mai sikelin da ke auna buhuna abin da ya kawo ni. Mai sikeli ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira abokansa su ji. Ya ce, "Ya Hajj, an jiƙa, an markaɗe. Yanzu ubanka ƙwai talatin yake ɗauke da su a kasuwa."

Zainab ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Baba, aƙalla ka fi maƙwabcin nauyi?" Wallahi ban fi shi ba.

Ƙarshen wata za a rufe rajista. Jama'a, don Allah, a ina ake sake fitar da jinsiyyar mamaci? Ku zage ni, amma ku faɗa mini.