Shafin Mai Takalma

A tashar mota, wani dattijo yana ta leƙen wayar matar da ke gefensa.

"Baba, lafiya?"

"Yi haƙuri, baiwar Allah. Shafin shagona ne kike kallo."

"Kai, Baba! Bara da na buɗe shi, rabin takalmi kawai nake gani, rubutun kamar tururuwa. A wani wuri na saya."

"'Yata ce ta nace a gyara shi, ya riƙa zama daidai a kowace waya. Sati biyu ina mata faɗa."

"Ga shi yanzu da yatsa ɗaya na zaɓi kala biyu, har na biya."

Wayar dattijon ta yi ƙara. Ya duba, ya ga saƙon ciniki ne daga shafin, ya miƙe zumbur.

"Ja da baƙi? Ashe ke ce! Bari in kira yarinyar nan in ba ta haƙuri."