Ramin da Hannun Noelene Kaɗai ke Shiga

Shugabar wannan ƙungiya tamu ta masu kamun kifi, Uwargida Lorraine Petrakis. Dattawan da suka kafa ƙungiyar tun tana rumfar kwano a bakin madatsar ruwan Boondooma. Baƙinmu da suka taso daga Kingaroy da Murgon. Matan da suka tsaya kan abinci tun safe. Mazan da ke can bakin gashin nama suna ƙona albasa suna rantsuwa cewa haka ake cin ta. 'Yan'uwa maza da mata, barkanmu da rana, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar kamun kifi lafiya.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Des Kowalik. Ina godiya ga shugaba da ta ba ni wannan dama, ina godiya gare ku da kuka ajiye faranti kuka ba ni kunne. An ce in bayyana yadda muka gyara tsohon jirgin ruwana, domin masu irinsa su amfana. Zan bayyana, amma sai kun yi haƙuri da ni, domin zancen jirgin nan ba ya rabuwa da zancen matata Noelene, wadda ke zaune can kusa da taga tana hararata.

Na farko, yadda jirgin yake. Shekara tara ke nan da na saye shi na hannu, domin kamun kifin bas. Injinsa lafiyayye, jikinsa lafiyayye, amma wanda ya ƙera shi bai taɓa tunanin ɗan'adam zai buƙaci kai hannu gindinsa ba. Kun san kowane jirgi yana da wuri a can ƙasa inda ruwa ke taruwa, da ɗan famfo mai fitar da ruwan. To, ƙofar da aka bar wa nawa ba ta wuce faɗin farantin shayi ba, kuma aka cusa batura biyu a bakinta, a matse da tankin mai. Ku dubi hannun nan nawa. Shekara talatin yana fama da shanu da shinge. Ko yatsu huɗu ba sa wucewa. Saboda haka duk ranar da guntun zaren fatsa ko ganye ya toshe famfo, Noelene ce ke kwanciya rub da ciki, kuncinta a kan daɓen jirgi, ta zura hannu har kafaɗa ta lalubo. Shekara tara tana yi. Shekara tara ina tsaye a kanta ina ba da umarni.

Takan ce mini, "Tsoho, in ba za ka sa hannu ba, rufe mana baki."

Na biyu, abin da ya same mu. A watan Afrilun da ya wuce, mako shida bayan an yi wa Noelene aiki a kafaɗar dama, na matsa mata mu fita. Ta ce likita ya hana ta ɗaga ko buta. Na ce zama kawai za ta yi. Muna can tsakiyar ruwa, cikin matattun itatuwan nan da kuka sani, da hantsi, sai na ji sanyi a ƙafata. Na duba, ruwa ya kai idon sawu. Ashe tiyon da ke kai ruwa ma'ajiyar da muke zuba kifi da ransa ne ya tsage a can ƙasa. Na kunna famfo, yana kuka, ba ya fitar da komai. Na durƙusa na tura hannu, ya tsaya a wuyan hannu. Na nemi cire batir ɗaya, amma dole sai na kwance ɗayan kafin wannan ya motsa, ga ruwa yana tahowa bakin wayoyi. Babu jirgi ko ɗaya a kusa, gaɓa kuwa ta yi mana nisa.

Noelene ta ce, "Matsa, Des."

Na ce, "Kafaɗarki fa?"

Ta ce, "Kafaɗa ko jirgi, wanne zai kai mu gida? Matsa, na ce."

Jama'a, ta kwanta a kan kafaɗar da aka yanka, domin ta hagu ta samu shiga. Na ji sautin da ta yi lokacin da nauyinta ya sauka a kai, kuma har na koma ga Mahaliccina ba zan manta da shi ba. Ta ciro curin zare, famfo ya kama, ta toshe tiyon da tsumma, muka lallaɓa muka iso gaɓa. Jirgi ya tsira, mu ma mun tsira, amma ɗinkin ya buɗe, sai da aka sake mata wani aikin.

Na uku, gyaran. Na ja jirgin zuwa wurin abokina Col Hanrahan, kafinta, ga shi can yana ɓoye fuska. Ya leƙa ramin, ya dube ni, ya ce, "Mutumina, a nan ka yi ta tura 'yar mutane shekara tara? Kai ya kamata a yanke, ba jirgin ba." Gaskiya ya faɗa.

Ga abin da muka yi, masu rubutu su rubuta. Kafin zarto ya taɓa daɓe, mun huda ƙaramin rami mun leƙa da tocila, domin mu san inda tiyon mai da wayoyi suka bi. Muka yanke ƙofa taƙi biyu da rabi a tsaye, taƙi biyu a kwance, muka tarar katakon gefen ya ruɓe, muka canza shi, muka shafe bakin da ƙaro domin kada ruwa ya sake shiga. Muka ɗauke baturan daga kusa da tankin mai, muka kai su gaba ƙarƙashin kujera, kowanne a akwatinsa, a ɗaure da ɗamara, da kafar shan iska. Muka ƙara famfo na biyu mai tashi da kansa in ruwa ya taru. Yau ina zura hannu biyu har da kai. Ina roƙonku, ina kuma sake roƙonku: duk wanda hannunsa ba ya kai wa ga famfon jirginsa, kada ya jira sai ruwa ya kai idon sawu.

Na huɗu, wanda ba ya cikin abin da shugaba ta ce in faɗa. Da aka gama aiki na kira Noelene ta gani. Na ɗaga murfin sabuwar ƙofar ina ta washe baki. Ta duba, ta ce ya yi kyau, ta koma cikin gida. Kafaɗa ta warke, na fita sau biyar, ko sau ɗaya ba ta bi ni ba. Na ɗauka tsoro ne. Ranar Lahadin nan na tambaye ta, tana yanka kabewa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "To me zan je yi? Hannunka yana shiga yanzu."

Na ce, "Wai don famfo kike zuwa?"

Ta ce, "Kai ka faɗa. Shekara tara, kullum abin da kake cewa, 'Taso mu je, kada famfo ya toshe.' Ban taɓa jin wani dalilin ba."

Na nemi ranar da na taɓa faɗa mata wani abu daban, ban samu ba. Ni mutum ne mai nauyin baki a gida, a gaban jama'a ne kawai nake da surutu, saboda haka a gaban jama'a zan faɗa.

Noelene, ban taɓa jin daɗin fita ba in ba kya cikin jirgin. Fita biyar ɗin nan, na kama kifi, ban sami wanda zan nuna wa ba. Ina so ki zo domin ki yi mini dariya in babba ya tsinke, ki shanye shayin ki bar mini ɗigo, ki zauna a gaba da hularki mai faɗi ba tare da kin taɓa komai ba. Gobe da safe zan fita. Ina gayyatarki, ba don komai ba sai don ke.

Kun ga ta ɗaga yatsa. A gidanmu, wannan yana nufin ta yarda, amma akwai sharaɗi, kuma zan ji shi a mota.

Allah ya ƙara wa wannan ƙungiya haɗin kai. Allah ya tsare duk wanda ya hau ruwa, ya dawo da shi ga iyalinsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa Col da alheri, ya bar mu da waɗanda suke haƙuri da mu. Allah ya kai kowa gida lafiya.

Na gode.