Fitila a Madubin Tela

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan zama, wanda ya ja mu a gaba tun baburanmu ba su cika inuwar bishiya ɗaya ba; dattawan ƙungiya da suka ajiye hular kwano amma ba su ajiye mu ba; likitan ƙashi da ya amsa gayyata ya baro marasa lafiyarsa; bakanikai da masu faci, waɗanda ba don su ba da rabinmu har yanzu muna daji muna tura babur; iyayenmu mata da matan aurenmu, masu haƙuri da mazan da ba sa zama; sababbin shiga; da sauran jama'ar da suka cika wannan ɗaki har bakin ƙofa: ina gaishe ku duka, gaisuwa ta girmamawa. Ku yi mini afuwa, a zaune zan yi magana. Ba raini ba ne, kuna dai ganin keken da nake kai.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni dama kafin a kaɗa ƙuri'a. Ina godiya ga ƙarfafan da suka ɗago ni da kekena suka hawo matakalar nan, suna nishi suna cewa ba ni da nauyi. Ina godiya ga mai ɗakina, wadda ta daɗe tana roƙon Allah Ya zaunar da ni a gida, yanzu kuma ta ce ba irin wannan zaman take nufi ba.

Magana ta farko domin baƙi ce da matanmu, waɗanda suke jin ana kirana Wutsiya ba su san dalili ba. Mu mutanen ƙananan babura ne. Injinmu bai fi butar shayi girma ba, kuma idan babbar mota ta wuce mu a kwalta, iskarta kaɗai ta isa ta watsa mu cikin ciyawa. Shi ya sa muka bar wa masu sauri kwalta, muka kama hanyoyin bayan gari, hanyoyin burji da na shanu, inda mutum zai yini bai gamu da mota ba. Mukan yi kwanaki muna tafe, muna kwana inda rana ta faɗi mana, ba don muna da wani aiki a can ba, sai don son tafiyar kanta.

A irin waɗannan hanyoyi doka ɗaya ce ta riƙe mu: kowa da na bayansa. Ba ruwanka da wanda ke gabanka, shi ya san inda ya nufa. Idonka na kan madubi. In ka ga fitilar na bayanka, ka ci gaba; in ba ka gan ta ba, ka tsaya. In ka tsaya, na gabanka zai rasa taka fitilar, shi ma ya tsaya, a haka a haka har tsayawar ta kai ga shugaba. Dalilin da ya sa ke nan muke kunna fitila da rana tsaka, mutanen ƙauye suna yi mana hannu suna tsammanin mun manta ne. Na ƙarshen layi shi ake kira Wutsiya. Shi ke ɗauke da jakar sifana da kayan faci da galan ɗin mai, shi ke shaƙar hayaƙin kowa, shi ke isa masauki bayan an kama wurare masu kyau. Domin a bambanta shi da sauran, gilashin fitilarsa mai launin rawaya ne. Ni na riƙe wannan wuri tun gashina yana baƙi.

A gabana kuma kullum Tela ne, mijin ƙanwata, domin babur ɗinsa roba-roba ba ya shiri da tudu. Yakan ce mini, "Yaya, ni fa a madubi na fi saninka. In na gan ka a gida sai in ga ka yi girma da yawa." Shekara da shekaru ke nan, ko tari babur ɗina ya yi, kafin in sauke ƙafa ya riga ya juyo.

Magana ta biyu ita ce abin da ya faru bara. An ba da labarin nan ta hanyoyi da yawa, a shaguna da bakin famfo, amma ni ne na kwanta a ramin, saboda haka ku ji daga bakina.

Ƙarshen damina ne. Mun zo wani kwalbati a gindin tudu, ruwa ya cinye gefensa ta ƙasa, ciyawa ta rufe ɓarnar. Duk wanda ya wuce ya ƙara sassauta ƙasar, har aka zo kan na ƙarshe, mai kaya mafi nauyi. Ƙasa ta zame a ƙarƙashina, na tafi, babur ya biyo ni ya danne ni, injin ya mutu. Ban suma ba, kuma da na suma da ya fi mini sauƙi. Ina kwance ina jin ku kuna hawan tudu, kuma na san muryar kowane babur a cikinku kamar yadda na san muryoyin 'ya'yana. Na ji na Tela ya rage wuta. Na san abin da yake yi, madubi yake dubawa. Na ce a raina, to, ga shi nan zuwa. Sai na ji ya sake murɗa totur, ƙarar ta yi sama, ta bi sauran, ta yi nisa, ta ɓace.

Abin da ban sani ba shi ne, gaba kaɗan da kwalbatin akwai wata 'yar hanya da ta fito daga gonaki. A daidai lokacin nan wani bawan Allah mai kai burodi ƙauyuka ya fito daga cikinta a kan tsohon babur, gilashin fitilarsa ya tsufa ya koma rawaya, kuma makunninta ya lalace, ba ta mutuwa sai an kashe inji. Ya ga jerin babura, ya ji daɗin samun abokan tafiya, ya bi bayan Tela. Tela ya dubi madubi ya ga rawayar fitila. Ya sake dubawa a mararraba, tana nan. Ya duba a kan tudu, ya duba a gangare, tana nan. Haka kuka yi ta tafiya da baƙo a wutsiyarku har rana ta karkata, sai da aka tsaya shan mai, Tela ya juyo ya ce, "Yaya, miƙo galan." Mutumin ya ɗaga hularsa ya ce, "Wane yaya? Ni burodi nake kaiwa." An ce mini wasu sun yi dariya kafin su fahimta.

Ni kuwa wata tsohuwa mai itace ce ta same ni. Ba ta iya ɗaga babur ba, sai ta kwance mayafinta ta tsaya a kaina tana tare mini rana, tana ce mini, "Ɗana, ina mutanenka?" Na ce suna zuwa. Ta sake tambaya, na sake cewa suna zuwa. Daga baya ta daina tambaya, ta je ta kira masu amalanke.

Ga likita nan zaune, ba zan yi masa ƙarya a gabansa ba. Na tambaye shi, da an juyo nan take, da an ɗauke ni yadda ya kamata, da zan taka? Ya ce mai yiwuwa ne, mai yiwuwa ne kuma tun faɗuwar komai ya ƙare, Allah kaɗai Ya sani. Amsar ba ta sanyaya mini rai ba, ba ta kuma wanke kowa ba, amma ita ce gaskiya.

Magana ta uku ita ce ƙudurori biyu da ke gabanku yau. Na farko ya ce a kori Tela daga ƙungiya. Babban ɗana ne ya kawo shi, kuma ban ga laifinsa ba, domin shi ke ɗaga ni safe da yamma, shi ya san nauyin abin a hannunsa. Amma ina roƙon duk wanda ya taɓa hawa babur a cikin layinmu, wanda ya taɓa neman fuskar na bayansa a madubi ba fitilarsa ba, ya ɗaga hannu. Ku duba da kyau, jama'a. Babu hannu ko ɗaya a sama. Madubin ƙaramin babur a kan burji rawa yake yi, ba ya nuna fuska, ba ya nuna riga, ɗigon haske kawai yake nunawa. Dokarmu ta ce fitila, ya duba fitila. Dokarmu ta ce in ka gan ta ka ci gaba, ya gan ta ya ci gaba. Wanda bai san dokarmu ba da ya waiwaya da wuyansa. Sai wanda ya ƙware a tafiyarmu ne zai yi wannan kuskure, kuma da kowane ɗayanku ne a wurin, abin da zai yi ke nan.

Kada ku ɗauka ina faɗin haka domin zuciyata fara ce tas. Na yi fushi, fushi mai tsanani. Akwai safiyar da in na ji ƙarar ƙaramin babur a layinmu nakan juya fuskata bango. Har gobe ina jin ƙarar nan ta rage wuta ta sake tashi. Amma na san abin da shekarar nan ta yi wa Tela. Babur ɗinsa yana bayan shagonsa na ɗinki, kaji suna kwana a kai. Madubin da masu kawo ɗinki suke gwada kaya a gabansa ya juya shi yana kallon bango. Wannan matashin da nake zaune a kai shi ya ɗinka, ya aiko ƙanwata da shi, bai haɗo da ko kalma ɗaya ba. Ƙanwata kuma tana kai-komo tsakanin gidan mijinta da gidan yayanta, ta rame, a can ba ta ambatona, a nan ba ta ambatonsa. Na bar ƙafafuna a ramin nan, ban yarda in bar abokina da auren ƙanwata a can ba.

Ƙuduri na biyu ya ce a soke Wutsiya, a koma kwalta, kowa ya riƙe wayarsa. To, tawa wayar tana aljihuna ranar, ko tsagewa ba ta yi ba. Na danna ta har yatsana ya gaji, babu sabis. Hanyoyin da muke so su ne hanyoyin da waya ba ta so. Kwalta kuma kun san abin da take yi wa ƙaramin babur, akwai dattawa a nan da suka binne 'yan'uwa saboda ita. In kun zaɓi haka, ku faɗa kai tsaye cewa an rufe ƙungiya, ya fi mutunci. Na kuma san abin da ya haifi ƙudurin: shugaba ya tambaya ya sake tambaya wa zai karɓi wutsiya, kowa ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa. Ban ce ku matsorata ba ne. Kun ga abin da wurin ya yi wa mai shi.

Saboda haka ga roƙona, shi ne maganata ta ƙarshe. Ku gyara dokar. A kowace mararraba, kowa ya tsaya har na bayansa ya iso kusa da shi, ya ɗaga gilashin hularsa, a ga ido, a kira suna, sannan a wuce. Zai rage mana sauri, amma da ma wa ya taɓa yabon saurinmu? Sannan ku ba Tela wutsiya. A duk ɗakin nan babu wanda ya san abin da ɗigon haske yake iya ɓoyewa kamar shi, kuma babu wanda zai fi shi tsayawa a kan wanda ya faɗi. Wanda zai hau gabansa ya riƙa dubansa kuwa, kai ne, ɗana. Kada ka girgiza mini kai a cikin mutane. Mijin gwaggonka ne, shi ya koya maka sa giyar babur. Ka riƙe ransa a madubinka tafiya guda, ka ji yadda abin yake, in kun dawo ka sake kawo ƙudurinka idan har kana so.

Tela, na gan ka tun shigowata, can baya kusa da ƙofa, kana ɓuya a bayan masu tsayi. Ga jakar sifana a cinyata. Ga kuma gilashin fitilar, komai na babur ɗin ya farfashe, shi kaɗai ya fita lafiya. Ba kyauta nake ba ka ba, kuma ba girma ba ne. Za ka shaƙi hayaƙi, za ka ci ragowa, za ka dubi madubinka ka ga hanya fayau babu kowa, kuma duk lokacin da ka gani za ka tuna da ni. Ba zan iya kawo maka ba. Kai za ka tako, ka zo nan gabana, in ga fuskarka, domin rabona da ita tun safiyar ranar nan. Ba sai ka ce komai ba. Ku matsa masa, jama'a, ku ba shi hanya. Yi a hankali, ba inda za ni.

Allah Ya kiyaye masu tafiya, na gaba da na tsakiya da na ƙarshe. Allah Ya saka wa tsohuwar da ta tsaya a kaina, wadda ban san sunanta ba. Allah Ya sanyaya zuciyar ƙanwata da ta ɗana, Ya ba matanmu haƙurin jira. Ranar da za ku tashi, za a fito da ni ƙofar gida, ku biyo ta layinmu, ina so in saurari injinanku ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, kuma kada Ya sake nuna mana ranar da za ku dawo babu ɗaya.

Na gode.