Ku Ɗaga Kai Ku Dubi Tayoyin Rufinku

Mai girma shugaban ƙungiyar unguwarmu, kuma shugaban wannan taro. Wakilin ma'aikatar lafiya, wanda ya baro ofis ya zo ya zauna da mu cikin wannan zafi. Malamanmu da dattawanmu. Iyayena mata da ke can gefe suna fifita da gefen mayafi. Masu gidajen haya da 'yan haya, waɗanda yau Allah ya haɗa a benci ɗaya. Masu shaguna, masu sana'a, matasa maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gode wa Allah da ya tara mu lafiya. Ina gode wa shugaba da ya ce ni ce zan fara magana, a matsayina na mai kula da ƙaramin asibitin unguwar nan, wadda yaro da babba ke kira Sista. Amma zan nemi afuwarsa tun yanzu. An kira wannan taro ne domin mu haɗa baki mu roƙi hukuma ta sake turo mana motar feshin maganin sauro, an kuma sa ni a gaba domin in ƙara wa roƙon nauyi. Ni kuwa, ranka ya daɗe, ban zo roƙon mota ba. Na zo ne da kwalbar da kuke gani a kan teburin nan, kuma don Allah kada wanda ƙishirwa ta dama ya kai mata hannu.

Kafin in shiga maganar kwalba, bari in gaya muku wanda ya hana ni sukuni. Kowa a nan ya san telan da shagonsa ke kallon famfon unguwa, ga shi can zaune a baya, kuma da izininsa nake faɗin abin da zan faɗa. Autarsa tana kwance a wurina. Yarinyar da kuka saba gani in an taso daga makaranta, zaune a ƙarƙashin teburin keke tana tsintar ƙyallaye tana yi wa 'yar tsanarta riga. Bara da damina ta yi zazzaɓi mai ciwon gaɓoɓi, ta tashi. Bana ya dawo mata, kowa ya ce maleriya ce, aka sayo magani a kemis aka ba ta. Sai da haɓo ya ɓalle, dasashinta ya fara jini, sannan uban ya rungumo ta ya kawo. Na yi gwajin maleriya, babu. Zazzaɓin dengi ne, wanda kamun farko kan zo da sauƙi, na biyu kuwa yakan zo da zubar jini. Mun sha wuya kafin yarinyar nan ta buɗe ido ta nemi ruwa.

Uban ya tsaya a bakin gado ya ce mini, "Sista, ni me na rage? Gidan sauro na saya, a ciki take kwana. Shagon nan safe da yamma sai na feshe shi, har masu kawo ɗinki suna tari. Me kuma ake so in yi?"

Wallahi tausayinsa ya kama ni, haushi kuma ya kama ni, domin gaskiya ya faɗa, bai rage komai ba cikin abin da aka koya masa. To ga amsar da nake bin ku da ita, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, maganin feshin nan ya daina kashe sauron unguwarmu. Ba ni na ƙirƙira ba, ga wakilin ma'aikata nan zaune, mutanensa ne suka kama sauro a gidajenku, suka zuba shi a mazubin da aka shafe da irin maganin da motar ke fesawa, suka jira ya mutu. Mafi yawansa yana nan yana shawagi kamar an kai shi shan iska. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Duk feshin da aka yi, raunana ne ke mutuwa, masu taurin rai su tsira, su hayayyafa, 'ya'yansu su gaji taurin. Shekara da shekaru muna tace sauro, muna zubar da rago muna ajiye jarumi, yau ga shi mun wayi gari da jikokin jarumai. Mu kuma da muka ga magani bai ci ba, sai muka ƙara hannu. Wani ya haɗa da kananzir, wani ya sayo maganin ƙwarin gona ya zuba a kwalbar feshi, ya kulle ɗaki da yara a ciki. Sauro ya fita lafiya, yaran kuma a kawo mini su da numfashi sama-sama. Na gaji da wannan, jama'a, wallahi na gaji.

Na biyu, sauron da ya kwantar da autar tela ba shi ne mai yi muku kuka a kunne bayan kun kwanta ba. Wannan ƙarami ne, baƙi, mai ɗigon fari a ƙafafu, kuma da rana yake cizo, ya fi son safiya da la'asar, ya fi son ƙafa da idon sawu. Gidan sauro yana da amfaninsa, kada wanda ya fita daga nan ya ce Sista ta ce a cire. Amma yarinyar da ke zaune a ƙarƙashin teburin keke da la'asar, wane gidan sauro ne a kanta? Ɗalibi a aji, mai awo a kasuwa, mai jego a tsakar gida, duk a fili suke.

Na uku, kuma nan ne zan ɓata wa wasu rai. Unguwar nan muna alfahari da yasar kwata. Duk ƙarshen wata matasanmu na fitowa da shebur da baro, a yashe, a kwashe, a ɗauki hoto. Allah ya yi musu albarka, aiki ne mai kyau. Sai dai wannan sauron ba ya haihuwa a kwata. Ɗan gayu ne, ruwa mai tsabta yake so, ruwan sama da ya kwanta a inuwa babu mai taɓa shi. Mun bar jaki muna dukan taiki.

Na rasa inda yake samun irin wannan ruwa, domin na zaga gidan tela, na leƙa randa, na leƙa duro, duk a rufe. Sai matar mai gidan benen da ke maƙwabtaka da su ta ce in hau in sha iska, ta ga na jigata. Na hau, na leƙo ƙasa. Jama'a, wa ya taɓa hawa sama ya dubi unguwar nan? Baƙi ƙirin! Taya a kan kowane rufi. Tayar mota, tayar babur, har da ta tirela, ban san yadda aka yi aka hau da ita ba. Kowa ya san yadda abin ya samo asali: iska ta ɗaga kwano, maimakon a kira kafinta ya buga ƙusa, sai a je wurin mai faci a karɓo tsohuwar taya a jefa a kai. Shi mai faci murna yake an rage masa tarkace. An jefa, an manta, domin ba wanda ke tafiya yana kallon sama. Taya kuwa duk yadda ka ajiye ta sai ta riƙe ruwa a cikinta, kuma rana ba ta kai wa ruwan.

Yanzu ku dubi kwalbar nan. Na gaba, ku matso, ba ta cizo tukuna. Kun ga abubuwan nan masu wutsil-wutsil? 'Ya'yan sauro ne, nan da 'yan kwanaki za su yi fiffike. Na ga wasu suna juyawa suna kallon tela. Ku daina kallonsa, ba daga rufinsa aka ɗebo ba. Yau da safe na sa kafinta ya hau rufin wannan zauren da muke ciki, inda muka taru muna neman a kawo mana agaji daga waje. Daga tayoyin da ke kai ya ɗebo, kuma suna nan a saman kanmu yanzu haka, ranka ya daɗe, ɗaya ma daidai saitin kujerarka take.

Na san abin da za a ce, domin an riga an faɗa mini. Da na sauko daga benen nan na shiga gidan hayar da ke jikin shagon tela, na ce a sauke tayoyi. Ɗan haya ya ce, "Sista, ai rufi na mai gida ne, ni ɗaki aka ba ni." Na nemo mai gida, ya ce, "Ni na ɗora taya? Wanda ya ɗora shi zai sauke." Na koma wa ɗan haya, ya ce wanda ya ɗora ya tashi tun shekaru uku. To sauro dai bai tambayi mai rufi ba, bai tambayi mai ɗaki ba. Wata dattijuwa kuma ta ce, "'Yar nan, in an sauke, iska ta kwashe mana rufi, a gidanki za mu kwana?" Ita maganarta abin ji ce, ga kuma amsarta. Wanda zai iya, ya buga ƙusa ya sauke taya. Wanda ba zai iya ba, a huda tayar ta ko'ina yadda ruwa ba zai kwanta ba, ko a cika cikinta da yashi. Zubar da ruwan kaɗai ba ya isa, domin ƙwan sauron yana manne a jikin roba, yana iya yin watanni a bushe, ruwan farko na sauka ya ƙyanƙyashe.

Shi tela, tun ranar da na gaya masa ya hau da kansa ya sauke nasa, ya rufe shago ya bar ɗinkin mutane. Amma sauro bai san katanga ba. Rufin dama da shi taya, rufin hagu taya, rufin baya taya. Jiya yarinyar nan ta riƙe mini gefen riga ta ce, "Sista, yaushe zan koma gida?" Na ce mata jibi, in Allah ya yarda. Jikinta ko rabin ƙarfinsa bai dawo ba. Ban san abin da kamu na uku zai yi mata ba, ba na kuma son in sani. Ku gaya mini, iyayena, ina zan mayar da ita?

Saboda haka, mai girma shugaba, in kuna son ku roƙi mota, ku roƙa, amma ku roƙi a fara gwada maganin da zai ci kafin a bulbula mana hayaƙi. Ni roƙona bai kai ofis ba. Kafinta ya bar tsaninsa jingine a ƙofar zauren nan. Mai faci ya zo da wuƙarsa da abin huda, ya ce shi ya raba tayoyin, shi zai bi su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu fara da rufin da ke kanmu kafin kowa ya watse, daga nan mu wuce layin tela, mai gida ya riƙe tsani, ɗan haya ya hau, ko ɗan haya ya riƙe, mai gida ya hau, ku sasanta a ƙasan tsanin.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na asibiti da na gida. Allah ya raya mana 'ya'yanmu, ya tsare su daga abin da muke gani da wanda muka ƙi ɗaga kai mu gani. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin daidai, ya sauko da duk wanda zai hau rufi yau da ƙafafunsa. Allah ya sa gobe in na riƙo hannun autar tela na fito da ita, in ɗaga kai in ga kwano tas, in saki hannunta ba tare da fargaba ba.

Tsani yana ƙofa. Na gode.