Rawar Gauraki

Wani dattijo mai gadin fadama ya tsaya a rumfar mai zane, yana son a yi masa allon hana farauta.

"Gauraka za ka zana min a jikin allon, ɗana. Sun ƙare mana, saura biyu kacal."

"Baba, ban taɓa ganinsa ba. Kwatanta min."

"Ai ka samu gwani! Tukkunsa kamar zinariya, kumatu fari da ja. Ya fi zakara biyu nauyi, ƙirjin nan duk tsoka."

"To, yaya yake tsayuwa?"

"Wuyan yana lilo, fukafukan a sake..."

"A tsaye fa na ce, Baba. Wannan ai matacce ne."

Dattijon ya cire hula yana murzawa.

"Na ji an ce rawa suke yi, mace da namiji. Gaskiya ne?"

"Suna yi mana. Lokacin ne ma ba sa ganin mai bindiga."

Mai zane ya dube shi, shi kuwa ya dubi takalmansa.

"To, in zana su suna rawar?"

"Zana, ɗana," in ji shi, murya ƙasa ƙasa. "Ni ma in ga yadda take ƙarewa."